Iboga: Sana'ar Da Jarinta Ke Ƙarƙashin Ƙasa

Bahaushen da ke zaune a Derrière la Prison, unguwar da ke bayan babban gidan yarin Libreville, ko a Nkembo, ko a Akébé, zai iya shekara yana wuce wani ɗan itace a gidan maƙwabcinsa ɗan Gabon bai ɗaga kai ya dube shi ba. Tsayinsa bai fi na mutum ba. Ba ya ba da inuwar zama, ba a miya da ganyensa, ba a sassaƙa turmi da gangar jikinsa. Amma a kan wannan ɗan itace gwamnatin Gabon ta yanke hukunci a shekarar 2000, zamanin Shugaba Omar Bongo, ta ce dukiyar ƙasa ne. A kansa aka dakatar da fitarwa zuwa ƙasashen waje a Fabrairun 2019. A kansa kuma jihar Texas ta Amurka ta ware dala miliyan 50 don bincike a Yunin 2025. Sunansa iboga.

Hausawa sun daɗe a Gabon. Fatake ne suka ratso ta Kamaru tun wajen farkon ƙarni na 20, suka zauna a Bitam da Oyem, daga baya zuriyarsu da sababbin zuwa suka bazu har Libreville. Duk da wannan daɗewa, kaɗan ne daga cikinmu suka san sana'ar da ke tattare da iboga, ga shi kuwa tana ɗauke da darasin da ya shafi kowane mai maganin gargajiya daga Kasuwar Kurmi har Maraɗi. Amfanin iboga yana cikin saiwarsa. Itacen da ake nema don ganye ko 'ya'ya yakan ba da ya kuma rayu. Wanda ake nema don saiwa, ranar girbinsa tana iya zama ranar mutuwarsa. Saboda haka sana'ar gaskiya a nan tana hannun wanda ya shuka ya jira.

Itacen da danginsa

Masana tsirrai suna kiransa Tabernanthe iboga. Dangin da ya fito ba baƙo ba ne a wurinmu, don kuwa gida ɗaya suke da tumfafiya, da kariya, da yaɗiya, da kwankwanin da maharban da suke haɗa dafin kibiya da shi. Alamar gidan ita ce farin nonon da ke tsattsafowa idan aka karya reshe ko aka tsinke ganye. Wanda ya san dangin ya san halinsu: a cikinsu akwai abin ci, akwai magani, akwai guba, wani lokaci ma duk a jikin tsiro ɗaya.

Iboga ɗan kurmi ne, yana girma a ƙarƙashin manyan itatuwa, a gefen rafi, ko a tsohuwar gonar da daji ya fara mayarwa. Yawanci tsayinsa mita ɗaya zuwa biyu, amma idan ya tsufa ba a taɓa shi ba yana iya kaiwa mita goma. Ganyensa ba ya kaɗewa da rani, yana fitowa bibbiyu, ɗaya na fuskantar ɗaya, dogo mai tsinin baki. Furanninsa ƙanana ne, a tattare, farare ko masu ɗan rawaya, da ɗigon ja-ja a cikinsu. Idan 'ya'yan suka nuna sai su zama ruwan lemo. Wasu dogaye masu siffar barkono, wasu masu ɗan zagaye. A cikin ɗan akwai farin nama mai ɗan zaƙi da ya lulluɓe ƙwayoyin iri masu tamoji. Saiwar kuwa rawaya ce, ɓawonta da ɗaci mai tsanani, yana kuma sa baki ya mutu na ɗan lokaci idan aka tauna. A cikin wannan ɓawo sinadaran suke, kusan kashi 6 cikin 100 na nauyinsa idan ya bushe, babbansu shi ne wanda ake kira ibogen.

Ana samun iboga a kudancin Kamaru, da Ikwatoriyal Gini, da Kwango biyu, har zuwa Angola, amma Gabon ce cibiyarsa. Kusan kashi 88 cikin 100 na ƙasar kurmi ne, ruwan da ke sauka a Libreville a shekara kuma ya kusa milimita 3,000, ya ninka na Kano sau uku ko fiye. Wannan laima da wannan inuwa su ne abincinsa. Wanda ya ɗauko shi ya kai Katsina ya dasa a fili, hunturu ɗaya ya ishe shi.

Shuka da reno

Wahalar farko tana wurin iri. Irin gero ko na dawa ana adana shi a rumbu ya kai baɗi. Irin iboga idan ya bushe ya mutu. Dole mai shuka ya tsinko ɗan da ya nuna, ya fasa, ya wanke farin naman da ke manne da ƙwayar don kada ta ruɓe, ya binne ta tana ɗanya a ƙasa mai laushi da ruɓaɓɓen ganye. Daga nan sai jira. Wata ƙwayar ta tsiro cikin makonni, wata sai ta yi watanni, wata kuma ba za ta fito ba sam. A daji giwa da wasu namun dawa ne ke yin wannan aiki: su ci 'ya'yan, su yi tafiya, su zubar da irin a cikin kashinsu nesa da uwar. Shi ya sa mutanen kurmi ke cewa inda giwa ta ƙare, iboga ma zai ja baya.

Hanya ta biyu ita ce yankan reshe. A yanko reshen da ya fara ƙwari, a rage masa ganye, a soka a ƙasa mai damshi a ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa har ya yi saiwa. Wannan ya fi sauri, amma gonar da aka cika da rassan uwa ɗaya duk halinsu ɗaya ne, cutar da ta kama ɗaya ba za ta bar sauran ba. Mai hankali yakan haɗa biyun.

Idan tsiron ya yi ganye ya ɗan yi ƙarfi, sai a jira damina ta kankama, wajen Oktoba, a yi dashe. Ba a sare daji a buɗe fili don iboga. A ƙarƙashin ayaba ake sa shi, ko a gefen gonar rogo, ko a cikin kurmin da aka ɗan rage wa ƙasa. Yana ƙarami rana tana ƙona shi, ciyawa da kurangar daji suna shaƙe shi, ruwan da ya kwanta yana ruɓar masa da saiwa. Aikin manomi a shekarun farko shi ne adda a hannu yana share kewayensa, yana tara masa busasshen ganye a gindi, yana lura da inuwa kada ta yi yawa kada ta yi kaɗan. Lokacin rani na Gabon, daga Yuni zuwa Satumba, ƙananan sukan bukaci ban ruwa.

Sai babbar jarrabawa: lokaci. Itacen yakan yi fure ya yi 'ya'ya tun yana ɗan shekaru kaɗan, amma masu sana'ar ba sa ɗaukar saiwarsa a bakin komai sai ya kai shekara biyar zuwa bakwai, kuma sun fi girmama wanda ya haura goma. Manomin da ke da 'ya'ya a makaranta, wanda rogo ke ba shi kuɗi cikin shekara guda, shi ake ce wa ya ware ƙasa da ƙarfi ga abin da ba zai ga ribarsa ba sai yaron da aka haifa bana ya shiga aji. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa, gaskiya ne. Amma sai yana da abin da zai ci kafin dutsen ya dahu. Wannan ne dalilin da ya sa ake haɗa iboga da amfanin gona mai saurin kawowa, wasu kuma su haɗa da kiwon zuma.

Tono, kankara da shanya

A wurin tono ake gane gwani. Ba ya tumɓuke itacen. Yakan tone gefe guda a hankali, ya bi saiwoyin da suka yi gefe, ya yanki wasu, ya bar uwar saiwar da ta nutsa ƙasa, ya mayar da ƙasa ya danne. Bayan wasu shekaru sai ya dawo ta ɗaya gefen. Idan kuma dole ta sa an cire itacen gaba ɗaya, rassansa ba sa zama shara: a nan take ake yanka su a soka, ɗaya ya zama goma.

Daga nan aiki yakan koma gida. A wanke saiwar tas, a goge dattin saman, sannan a sa wuƙa a kankare ɓawon a raba shi da farin icen da ke tsakiya, wanda ƙarfinsa kaɗan ne. Aiki ne mai cin lokaci, kuma tarin saiwa ɗan ɓawo kaɗan yake bayarwa. A shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, don a ƙasar da laima ta yi yawa, ɓawon da bai bushe sosai ba fumfuna yake yi cikin kwanaki. Wasu suna barinsa sassaƙe, wasu su daka a turmi su tankaɗe ya zama gari.

A wannan mataki amana ke shigowa. Saiwa ɗungurungum ana iya gane ta da ido da hanci da harshe. Gari kuwa ba shi da shaida. Mai son zuciya yana iya dake icen tsakiya ya haɗa don ya ƙara nauyi, ko ya zuba saiwar wani ɗan dangin, irin su Rauvolfia, wadda kamarta ɗaya amma aikinta a jiki daban, tana kuma iya kisa. Shi ya sa tsofaffin masu saye suka fi son a kankare a gabansu, ko su saya a hannun wanda suka san gonarsa.

Kasuwa da masu amfani da shi

Libreville ba gonar iboga ba ce, kasuwarsa ce. Abin da ke tsakar gida a unguwannin birni ƙwaya ɗaya ne ko biyu, na amfanin gida ko na kusa da ɗakin ibadar gargajiya. Kayan sayarwa daga ƙauyuka suke shigowa, su sauka a rumfunan masu magani na Mont-Bouët, babbar kasuwar ƙasar, da ta Nkembo. Masu rumfunan, waɗanda mata suka fi yawa a cikinsu, suna jera shi tare da sauran sassaƙe da saiwoyi, a ƙananan kwalabe da ƙullin leda.

Amfaninsa hawa biyu ne. Ɗan kaɗan yana kore barci da gajiya da yunwa. Tun da daɗewa maharbi mai kwanan dako, da mai tuƙa kwalekwale a kogin Ogooué, da mai doguwar tafiya da kaya a ka, suna tauna ɗan ɓawo su ci gaba, aikin da goro ya yi wa fataken ƙasar Hausa a hanyar Gwanja. Mai yawa kuwa wani abu ne dabam: yana kawo amai, ƙafa ta kasa ɗaukar mutum, ya kwanta yini da kwana yana ganin abubuwa idonsa biyu.

Wannan hawa na biyu shi ne ginshiƙin Bwiti, addinin gargajiyar da Mitsogo da Apinzi da Masango suka riƙe, wanda su kansu suke cewa asalin sanin itacen daga Babongo, mutanen cikin kurmi, ya zo. Daga baya ƙabilar Fang ta karɓa ta gauraya shi da Kiristanci. Ana ba mai shiga addinin ɓawon da yawa, sau ɗaya a rayuwa galibi, a ƙarƙashin kulawar nganga, wato mai maganin da ke jagorantar bikin, ana kaɗa garayar ngombi mai tsirkiya takwas dare guda. Nganga yakan ba da shi kaɗan-kaɗan cikin sa'o'i, yana duba idon mutum da numfashinsa. Duk da haka, su ma sun san akan mutu a ciki.

Musulmi ya san hukuncin duk abin da ke gusar da hankali, malamanmu kuma ba su yi sassauci a kai ba. Bwiti addinin masu shi ne, mu kuma muna da namu. Sai dai fiƙihu ya bambanta shan abu don maye da yin amfani da shi a hannun likita saboda larura, kamar maganin barcin da ake sa wa majinyaci kafin tiyata. Ta wannan ƙofa ce kawai iboga zai iya shafarmu a matsayin magani, kuma ƙofar ba ta gama buɗewa ba tukuna.

Yadda Turawa suka shigo

A 1864 wani likitan sojan ruwan Faransa, Griffon du Bellay, ya kai samfurin itacen gida daga gaɓar Gabon. A 1889 masanin tsirrai Henri Baillon ya ba shi sunan kimiyya, a 1901 kuma masu bincike a Faransa suka tace ibogen daga saiwar. Daga 1939 zuwa shekarun 1960 an sayar da ƙwayar maganin gajiya da aka yi da shi a kantunan Faransa, da sunan Lambarène, sunan garin nan na bakin Ogooué. A cikin gida kuwa, André Raponda-Walker, ɗan Gabon na farko da ya zama limamin cocin Katolika, shi da Roger Sillans suka wallafa babban littafinsu kan tsirrai masu amfani na Gabon a 1961, suka adana sunaye da amfanin da da sun bi tsofaffi kabari.

Abin da ya juya tarihin itacen ya faru a New York a 1962. Wani saurayi ɗan shekara 19, Howard Lotsof, wanda hiroyin ta kama, ya sha ibogen, ya farfaɗo ya tarar ba ya jin azabar da ke bin mai barin ƙwaya, sha'awar ma ta kwanta. Ya ƙarar da rayuwarsa yana neman a bincika abin, har ya yi rajistar mallakar wannan hanyar magani a 1985. Amma tun 1970 Amurka ta sa ibogen a sahun farko na haramtattun ƙwayoyi, Faransa ma ta haramta iboga a 2007 bayan mutuwar wani matashi. Da ƙofar gida ta rufe, sai masu nema suka koma ɗakunan magani a Meziko da wasu ƙasashen da doka ba ta hana ba.

Annobar ƙwayoyin kashe ciwo a Amurka ta ƙara wa neman wuta. A Janairun 2024 masu bincike na Jami'ar Stanford suka wallafa sakamakon tsofaffin sojoji 30 masu rauni a ƙwaƙwalwa, waɗanda aka ba ibogen tare da maganiziyam don kare zuciya, suka ga sauƙi mai yawa a damuwa da firgici. Mutum 30 ba su isa a yanke hukunci ba, kuma ba a gwada su da wani rukunin da bai sha ba. Amma labarin ya zaga duniya, kuɗin Texas ya biyo baya.

Wawaso da doka

Duk wannan nema a kan saiwar itacen da ke bukatar shekara bakwai ya sauka. Mai saye ta intanet a Turai bai san daga ina garin ya fito ba. Dillali ya ba samarin ƙauye abin da bai taka kara ya karya ba, su shiga kurmi, har cikin gandun daji na gwamnati, waɗanda Gabon ta keɓe guda 13 a 2002, su tumɓuke babba da ƙarami, a cusa a buhu a tsallaka da shi Kamaru ta fasa-ƙwauri. Giwar da ke yaɗa irin ita ma tana cikin masifa: a gandun Minkébé kaɗai an yi asarar fiye da giwa 25,000 tsakanin 2004 da 2014 saboda haure. Sakamakon ya bayyana a Libreville: kaya ya yi tsada, jabu ya yi yawa, masu bikin gargajiya suna kukan abin da kakanninsu suka gada ya fi ƙarfin aljihunsu.

Gabon ta nemi mafita ta doka. A 2010 aka ƙulla yarjejeniyar Nagoya a Japan, wadda ta ce duk wanda zai ci riba da tsiron wata ƙasa, ko da sanin mutanenta game da shi, sai ya nemi izini ya kuma raba amfanin da su. Gabon ce ƙasa ta farko da ta tabbatar da ita, a 2011. Dakatar da fitarwa na 2019 ya biyo wannan layi. A Sibang, cikin Libreville, cibiyar binciken magungunan gargajiya ta IPHAMETRA tana nazarin tsirran ƙasar, kusa da gandun itatuwan da aka kafa tun 1931.

Doka tana iya kama ɓarawo, amma ba ta tsirar da iri. Abin da ya fi ba da fata shi ne gonakin ƙauye. Ƙungiyar Blessings of the Forest ta yi shekara da shekaru tana taimaka wa ƙungiyoyin ƙauyuka su yi reno su dasa, kuma mutanen Ebyeng, kusa da Makokou, suna cikin waɗanda suka yi suna da wannan aiki a dajin al'ummarsu. A 2023 aka fitar da iboga zuwa Kanada don bincike bisa ƙa'idar Nagoya, da izinin gwamnati. Akwai kuma wata hanya da ke rage wa itacen nauyi: ana iya haɗa ibogen daga sinadarin wani ɗan danginsa, Voacanga africana, wanda ya fi yawa, ya fi saurin girma, ana kuma samunsa a Afirka ta Yamma. Wannan alheri ne ga kurmi. Amma idan kamfanoni suka koma can gaba ɗaya suka manta da waɗanda saninsu ya nuna hanya, an tsirar da itacen an bar mutanensa hannu rabbana.

Magani ne mai haɗari

Dole a faɗi wannan da babbar murya, domin mu ma muna da ciwon. Binciken da Najeriya ta yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci binciken. A Mayun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tiramol ɗin da ke cin samarin Kano da Damagaram shi ne ke cin 'yan makarantar Libreville, inda suke kiransa kobolo. Uwar da ɗanta ya lalace, idan ta ji an ce ga saiwar da ke raba mutum da ƙwaya cikin dare ɗaya, za ta sayar da abin da ta mallaka ta saya. A nan magori zai samu kasuwa.

Ibogen yana rage saurin bugun zuciya, yana kuma rikita tsarinsa, har zuciya ta iya tsayawa, wani lokaci kwanaki bayan an sha. Wani nazari da Kenneth Alper da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 ya bi diddigin mutum 19 da suka mutu bayan shan sa tsakanin 1990 da 2008, a wajen yankin da itacen ke fitowa. Yawancinsu suna da ciwon zuciya ko wata cuta tun da, ko kuma akwai wata ƙwayar a jininsu. Wato wanda ya fi bukatarsa, mashayin da jikinsa ya raunana, shi ya fi kusa da haɗarinsa. Inda ake ba da shi da kula, sai an auna zuciya da hanta tukuna, a kuma tsare mutum da na'ura da likita a kai. Ko ya tsallake, saiwar ba ta ba shi aikin yi, ba ta canza masa abokai, ba ta gyara gidan da ya fito. Duk ɗan'uwan da ke Gabon da aka roƙa ya aiko da garin iboga gida don wani ɗa ko ƙane, alherin da zai yi shi ne ya ƙi, ya nuna musu hanyar asibitin masu lura da shaye-shaye.

Namu dajin

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna da namu itatuwan da ake nema don saiwa. Ga sanya, wadda muke wa kirari da uwar magunguna, mai fure ruwan hoda da shuɗi da ƙamshin da ke tashi daga saiwarta idan aka tone. Tana da wuyar dashe, tana girma a hankali, kowa kuma saiwarta yake so. Ga tafashiya, ga rawaya, ga maɗacin da ake sassaƙe wa ɓawo zagaye har ya bushe a tsaye. A tambayi duk tsohon mai magani inda yake samun sanya yana yaro da inda ake kawo masa ita yanzu, zai lissafa garuruwan da aka wuce. Buhunan saiwa suna shiga kasuwa kullum, amma gonar sanya nawa ce a ƙasar Hausa?

Ba mu rasa misali a gida ba. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi suka kama sassabin zamani, suna barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gona suna gyara shi maimakon su sare, har aka wayi gari an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Hannun da ya iya wannan da gawo da kalgo da sabara zai iya da itatuwan magani.

Abin da ake bukata a bayyane yake. Ƙungiyoyin masu maganin gargajiya su nemi fili a wurin sarakuna da ƙananan hukumomi su kafa gonakin magani, su fara da waɗanda suka fi ƙaranci. Sassan nazarin tsirrai da haɗa magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su sa ɗalibansu a kan tambayar da mai tono ba shi da lokacinta: yaya irin sanya ke tsirowa, a wace shekara saiwarta ke kai ƙarfi, kashi nawa za a yanka uwar ta rayu. Dillalan kasuwa su riƙa tambayar inda kaya ya fito, su fifita wanda aka noma ko da ya ɗan fi tsada. Ubangidan da ke koya wa yaro sunan saiwa da aikinta ya haɗa masa da yadda ake tono a bar rai, da yadda ake mayar da reshe ƙasa, da gwargwadon da ba a wucewa. Sai da masana daga waje suka fara neman iboga kafin Gabon ta lura dajinta na ƙarewa, ta kuwa same shi da tsada. Mu har yanzu muna da sauran lokaci, damina mai zuwa ma ta isa a fara.